Ƙanena ya amsa laifi a New York, ya gama zaman kaso, an sake mayar da shi. Akwai sauran hanya?

"Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Bronx. Shekara huɗu da 'yan watanni ke nan aka kama ƙanena da zargin fashi. Lauyan da gwamnati ta ba shi ya ce ya amsa laifi a ba shi shekara uku da rabi, in ya ƙi zai iya shan ashirin da biyar. Ya amsa. Da ya yi shekara uku aka sako shi, sai aka ce akwai wasu shekara biyar na sa ido a kansa, shi kuwa ya rantse ba wanda ya taɓa gaya masa haka. Ya yi wata goma sha huɗu a waje yana aikinsa. Daga baya sau biyu bai je wurin jami'insa ba, ya koma gidan abokinsa bai sanar ba, kuma aka kama shi kan wani faɗa a wurin aiki. Makon jiya aka yanke masa wata goma sha biyu. Mahaifiyarmu tana gida kullum cikin kuka. Za mu iya ɗaukaka ƙara a rushe amsa laifin tun daga tushe, tunda yaudararsa aka yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama haƙuri, Ya kawo mafita.

Tambaya ɗaya kika yi, amma shari'a biyu ce a cikinta. Ta farko ita ce amsa laifin da ya yi a gaban alƙali shekara huɗu baya. Ta biyu ita ce soke sakin da aka yi masa makon jiya. Kowace da inda ake kai ta, da wa'adinta, da irin hujjar da take karɓa. Kin sa ido a kan ta farko domin nan ne kike jin an cuce ku, kuma na fahimci haka. Ni kuwa in aka ba ni wannan fayil yau, ta biyun zan fara kamawa, don wa'adinta kwana 30 ne kuma mako guda ya riga ya tafi. Ban ga takardun ƙanenki ba, saboda haka abin da zan faɗa bayanin yadda dokar jihar New York take ne, ba hukunci a kan shari'arsa ba.

Me shekara biyar ɗin nan suke?

A 1998 jihar New York ta yi dokar da ake kira Dokar Jenna. Daga lokacin, wanda aka samu da babban laifi mai haɗe da tashin hankali ana yanke masa ƙayyadadden wa'adi, kuma dole a ɗora masa wasu shekaru na sa ido bayan ya fito. Mutanenmu duk farol suke ce masa. Ni na fi kiransa ɗaurin talala, don haka yake: igiyar doguwa ce, amma tana nan a ƙafa. In mutum ya zauna lafiya a gidan yari, kashi shida cikin bakwai na wa'adinsa yake yi, shi ya sa uku da rabi ta zama uku. Wata 6 ɗin da suka rage ba yafewa aka yi ba, ajiye su aka yi. Ga fashi mai daraja ta biyu, in laifin farko ne, talalar tana kamawa daga shekara biyu da rabi zuwa biyar. Ke nan, in wannan daraja ce ya amsa, an ba shi mafi ƙarancin zaman kaso da mafi tsawon talala, wanda ciniki ne da masu gabatar da ƙara suka saba yi.

Abin lura shi ne talalar ɓangaren hukunci ce, ba wani ƙari na ofis ba. Babbar kotun jihar ta faɗi haka a shari'ar Catu a 2005: in alƙali bai gaya wa mutum zancenta ba kafin ya karɓi amsarsa, amsar ba ta inganta ba, kuma ba sai mutumin ya nuna cewa da ya sani da bai amsa ba. Wannan doka ce mai ƙarfi, kuma da ganinta za ki ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Sai dai ki dakata.

Takardar ranar da ya amsa

Duk abin da aka furta a kotu ranar nan akwai wanda ya buga shi kalma bayan kalma. Yawanci shafi goma zuwa ashirin ne. Tun shari'ar Boykin ta 1969 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dole rubutun ya nuna mutum ya amsa da saninsa da son ransa, ya kuma san abin da yake sarayarwa: a yi masa shari'a gaban mutum goma sha biyu masu taya alƙali, ya yi wa shaidu tambayoyi, ya yi shiru ba a tilasta shi ba. Don haka alƙali yakan jero tambayoyi. Ka gamsu da lauyanka? Wani ya matsa maka? An yi maka wani alkawari bayan wanda na faɗa? Ka fahimci bayan zaman kaso akwai shekara kaza na sa ido? Mutum yana tsaye, ya sha rantsuwa, yana cewa eh, a'a, eh.

Cikin fayilolin da suka bi ta hannuna na mutanen da suka rantse ba a gaya musu ba, mafi yawa in an buɗe takardar sai a ga an gaya musu. Ba ƙarya suke yi ba. Mutum ya yi wata tara a gidan yarin Rikers na birnin New York, an taso shi tun asuba, ya yini a ɗakin ƙasan kotu, lauyansa ya raɗa masa cewa ya amsa komai da eh a gama. Kunnensa lamba ɗaya yake jira, uku da rabi, sauran duk ruwa ne ya bi ta kansa. Amma kotu ba ta duba abin da ya shiga kunne, tana duba abin da ya fita daga baki. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Blackledge ta 1977 maganar da aka yi da rantsuwa a bainar kotu ana ɗaukarta gaskiya sai an kawo hujja mai nauyi. Magana zarar bunu ce, a nan ma fiye da ko'ina.

Akwai kuma wani hali namu da yake cutar da mu a wurin. An rene mu a kan ba a musu da babba, ba a ce wa mai rawani ban gane ba. Na taɓa karɓar shari'ar wani ɗan'uwa daga Nijar, dillalin kaya a titi. Da aka ga ƙasarsa a takarda sai aka kawo masa tafintan Faransanci, alhali Faransancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Shafi goma sha huɗu, amsarsa duk eh. A shafi na tara alƙali ya tambaye shi ko akwai maganin da ya sha da zai hana shi fahimta, ya ce eh. Aka sake tambaya, ya ce eh. Lauyansa ya sunkuya ya yi masa magana, sai ya ce a'a, aka wuce. Wannan wuri ɗaya shi ya zame mana madafa, don ya nuna ƙarara cewa mutumin ba ya bin abin da ake faɗa. Na tambaye shi me ya hana shi cewa Hausa yake ji. Ya ce, "Barista, ni wa ne da zan ce wa alƙali tafintansa bai yi ba?"

To a nemo takardar ƙanenki, da ta ranar yanke hukunci, domin kwana biyu ne daban. In alƙali ya ambaci shekara biyar ɗin ranar amsawa, maganar Catu ta mutu. In bai ambata ba sai a farkon zaman yanke hukunci, ƙanenki da lauyansa suka ji suka yi shiru, kotu tana iya cewa sun sami damar ƙorafi suka bari ta wuce. In kuwa ba a ambata ba sam kafin hukunci, akwai magana. Amma a nan ma akwai tarko. A shari'ar Louree ta 2007 kotu ta ce irin wannan kuskure, tunda a rubuce yake a fili, ta hanyar ɗaukaka ƙara kai tsaye ake kawo shi. Wa'adin shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara kwana 30 ne daga ranar hukunci, ana iya roƙon ƙari har shekara guda bayan haka, kuma duka biyun sun wuce muku. Abin da ya rage ƙaramar kafa ce da shari'ar Syville ta buɗe a 2010, ga wanda ya ce wa lauyansa ya ɗaukaka ƙara, lauyan bai yi ba, shi kuma ba yadda zai gano cikin shekarar. Ki tambayi ƙanenki wannan kai tsaye, kuma ki roƙe shi gaskiya.

Wataƙila ma ya sa hannu a takardar yafe ɗaukaka ƙara, don kusan kowane ciniki yana zuwa da ita. Kada wannan ya firgita ki. Ba ta hana mutum cewa amsar tasa ba da sani da yarda ya yi ta ba, ba ta kuma halatta hukuncin da ya saɓa wa doka.

In laifin lauya ne

Abin da bai shiga rubutun kotu ba, wato abin da lauya ya faɗa a ɗakin ganawa ko ya kasa faɗa, ana kawo shi ne da takardar da muke kira 440, daga lambar sashen dokar. Ana shigar da ita a kotun da ta yanke hukuncin, sau da yawa gaban alƙalin nan dai. Ba ta da wa'adi a New York, wannan alheri ne, don wasu jihohin suna rufe ƙofa bayan shekara ɗaya ko biyu ko uku. Amma jinkiri yana rage mata daraja. Alƙali zai tambaya a ransa: shekara huɗu kana shiru, sai da aka mayar da kai ka tuna an yaudare ka?

Ma'aunin ya fito daga shari'ar Strickland ta 1984 da ta Hill ta 1985. Abu biyu ake nunawa: aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani ga lauya, sannan da ba don gazawar ba mutumin zai ƙi amsawa ya nemi a yi shari'a. Na biyun ne yake kayar da mutane. Kika ce lauya ya tsorata shi da ashirin da biyar. In tuhumar farko fashi mai daraja ta ɗaya ce, hukuncinta shekara 5 zuwa 25 ne, don haka lauyan gaskiya ya faɗa, ko da ta yi ɗaci. Faɗar gaskiya mai ban tsoro ba tilastawa ba ce a idon doka. Abin da yake tasiri shi ne irin lauya ya ce babu wata talala, ko akwai shaidan da zai wanke shi bai neme shi ba, ko akwai bidiyon da bai kalla ba. Kuma ba a karɓar zance baka. Ana son rantsuwar ƙanenki a rubuce, da ta duk wanda yake wurin, da bayanin tsohon lauyan ko hujjar an nema ya ƙi. Ba tare da waɗannan ba alƙali yana da ikon korar takardar ko zama bai yi ba. In ya kore ta, sai an roƙi izini kafin a hau sama, shi ma cikin kwana 30.

Wani abu da yake ba mutane mamaki: cewa "ban aikata ba" kaɗai ba ta isa ba ga wanda ya amsa laifi. Babbar kotun jihar ta faɗi haka a shari'ar Tiger a 2018, in ban da inda gwajin ƙwayar halitta ya shigo. Majalisar jihar ta zartar da ƙudurin da zai sassauta wannan, Gwamna Kathy Hochul ta ƙi sa hannu a ƙarshen 2023. A ra'ayina wannan tsauri ya yi yawa, a ƙasar da Kotun Ƙoli da kanta ta ambata a 2012 cewa kashi 97 cikin ɗari na hukuncin kotunan tarayya da kashi 94 na jihohi daga amsa laifi suke fitowa. Cikin wannan taro dole akwai wanda tsoro ya sa ya amsa. Amma ra'ayina ba ya buɗe ƙofar kurkuku.

Ba ki faɗa mini matsayin takardunsa ba. In ɗan ƙasa ne, tsallake wannan. In girin kad gare shi, wato takardar izinin zaman dindindin, to maganar ta canza gaba ɗaya, don fashi da hukuncin shekara guda ko fiye yana cikin laifukan da suke kai mutum ga kora. Shari'ar Padilla ta 2010 ta wajabta wa lauya ya faɗi haka kafin a amsa, ta Peque ta 2013 ta ɗora wa alƙalan New York su ma su yi gargaɗi. A 2017 Kotun Ƙoli ta ba wani Jae Lee gaskiya, mai gidan abinci a Memphis da aka kawo daga Koriya ta Kudu yana yaro, duk da hujjar da ke kansa tana da ƙarfi, saboda lauyansa ya tabbatar masa ba za a kore shi ba. Ga wanda kora take jira, ƙin ciniki ba wauta ba ce, kuma kotu ta yarda da haka.

Idan aka ci nasara fa?

Nan ne nake so ki zauna da kyau. Rushe amsa laifi ba sallama ba ce. Ana mayar da mutum ne daidai inda yake kafin ya amsa, da tuhumar farko cikakkiya, da ashirin da biyar ɗin nan tana rataye. Cinikin ya tashi a ɓangare biyu. Za a lissafa masa kwanakin da ya riga ya yi, amma mai gabatar da ƙara ba dole ne ya sake tayin uku da rabi ba. Wani lokaci shaidu sun watse, shari'ar ta yi sanyi, sai a sami sauƙi. Wani lokaci bidiyon yana nan yadda yake, wanda aka yi wa fashin yana nan da ransa da fushinsa.

Na taɓa zama da wani saurayi a ɗakin ziyara, takardarsa a gabana, kuskuren alƙali a fili, irin wanda lauya yake jin daɗin gani. Saura masa wata goma sha tara talala ta ƙare. Na zana masa layi biyu a bayan ambulan, ɗaya wata goma sha tara, ɗaya shekara biyar zuwa sama in aka sake shari'a ya faɗi. Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin, sannan ya ture mini shi ya ce a bar maganar. Mahaifinsa ya yi fushi da ni, ya ce na karɓi kuɗin shawara na hana yaro haƙƙinsa. Har yau ina ganin daidai muka yi, don gudun gara ne za a faɗa gidan zago.

Shari'ar makon jiya

Wannan ba alƙalin kotun laifi ne ya yanke ta ba, jami'in sauraron ƙara ne na hukumar farol. Tun shari'ar Morrissey ta 1972 doka ta ce ba a mayar da mutum kaso haka kawai: sai an ba shi tuhuma a rubuce, an nuna masa hujja, an saurare shi, an bar shi ya yi wa shaidu tambaya, an kuma rubuta dalilin hukunci. New York ta ƙara a kan haka da dokar Less Is More, wadda aka sa wa hannu a Satumban 2021 ta fara aiki sosai a Maris 2022. Yawancin mutanenmu har yanzu da tsohuwar doka suke lissafi.

Sabuwar dokar ta raba saɓa sharaɗi da aikata sabon laifi. Rashin zuwa ofis da canza gida ba sanarwa saɓa sharaɗi ne. Ko da an ɗauke su a matsayin ɓuya daga jami'i, wanda sai an nuna da gangan ya yi kuma jami'in ya yi ƙoƙarin nemansa bai samu ba, iyakar hukuncin kwana 7 ne a karon farko, 15 a na biyu, 30 daga na uku. Wasu abubuwan, kamar wuce lokacin komawa gida da dare ko kasa biyan kuɗin ofis, ba a ma ɗaure mutum a kansu. Ke nan wata goma sha biyun nan ba daga nan suka fito ba. Daga faɗan suka fito, an ɗauke shi a matsayin sabon laifi. Duk ƙarfinku sai ya koma can.

Ga tambayoyin da zan yi. Wa ya ba da shaida a kan faɗan, wanda aka yi da shi ne ya zo da bakinsa, ko rahoton ɗan sanda kawai aka karanta? Dokar yanzu tana neman hujja bayyananniya mai gamsarwa a zaman ƙarshe, wadda ta fi ta da nauyi. An kiyaye wa'adi? Wanda yake tsare ana yi masa zaman farko cikin kwana 5, na ƙarshe cikin kwana 30 bayan wancan, sai in ɓangarensa ne ya nemi ɗagawa. Yana da lauya a kowane zama? Ina shari'ar faɗan ta kwana a kotun laifi? Dokar ta ce in kotu ta wanke mutum, ko ta ɗage shari'ar da niyyar korarta, ko ta mayar da ita ƙaramin saɓo da bai kai laifi ba, ba a kafa soke saki a kan wannan abin. Saboda haka kada ya kuskura ya amsa komai a shari'ar faɗan sai lauyansa na farol da na shari'ar faɗan sun yi magana da juna. In kuwa aka same shi da sabon babban laifi aka yanke masa zaman kaso na jiha, sakin ya soku da kansa, ba sauran zama.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko a zaman farol ɗin ma amsawa ya yi. Yakan faru a ce wa mutum ya amsa tuhuma ɗaya a ba shi wata goma sha biyu maimakon abin da ya fi haka. In haka ne, ya yi amsa laifi ta biyu ke nan, kuma filin gardama ya ƙuntata, sai dai a duba ko ya fahimci abin da ya amsa da ko wa'adin yana cikin doka.

Hanyar ƙorafi biyu ce. Ana iya ɗaukaka ƙara zuwa sashen ɗaukaka ƙara na hukumar farol, sanarwa cikin kwana 30, cikakken bayani cikin wata 4, in ba a dace ba a je kotu ƙarƙashin sashe na 78, shi ma cikin wata 4. Ko kuma, tunda abin da aka same shi da shi laifi ne da kotu za ta iya hukuntawa, sabuwar dokar ta ba shi damar tsallake hukumar ya kai ƙara kotu kai tsaye. Ni na fi karkata ga ta biyun a irin wannan hali, don wata goma sha biyu ba su da tsawo, kuma na sha ganin mutum ya gama wa'adinsa amsar hukuma ba ta fito ba. Inda aka karya wa'adin zama a fili, lauya yana iya shigar da ƙarar tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, wadda ta fi su duka sauri. Zaɓin na lauyan da ya ga fayil ne.

A kuma sa a duba lissafin kwanakinsa. Sabuwar dokar tana rage wa mutum kwana 30 daga talalarsa kan kowane kwana 30 da ya yi ba tare da saɓawa ba. Watannin da ya yi lafiya a waje suna da lada, kuma kuskuren lissafi ba baƙon abu ba ne.

Maganar kotun tarayya ban ga amfanin dogara da ita ba. Dokar tarayya ta 1996 ta ba da shekara ɗaya don kai ƙara can daga lokacin da hukunci ya tabbata, kuma takardar 440 tana tsayar da agogon ne in yana tafiya, ba ta tayar da wanda ya riga ya mutu.

Gobe da safe ki kira lauyan da ya tsaya masa a zaman farol. A birnin New York yawanci daga sashen kare masu farol na Legal Aid Society suke. Tambaya ɗaya za ki fara yi masa: an shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara? In bai yi ba, a yi cikin makon nan, shafi guda ce. Ki karɓi kwafin takardar tuhumar saɓawa da ta hukuncin jami'in. Sannan ki je kotun laifi ta Bronx da ke titin 161 da lambar shari'arsa ta farko, ki nemi yadda ake sayen rubutun zaman amsa laifi da na yanke hukunci, akan biya kuɗi kan kowane shafi kuma yakan ɗauki makonni. Gwamnati ba ta ba da lauya kyauta kai tsaye don rubuta 440, amma ofisoshi irin su Center for Appellate Litigation da Office of the Appellate Defender suna aiki a kan shari'un Bronx da Manhattan, ana iya rubuta musu. Kuma ki ja masa kunne kada ya yi zancen faɗan a wayar gidan yari, ko da Hausa ne, domin ana naɗar kiran kuma suna da masu fassara.